Ina Rigar da Yekini Ya Ci Bulgeriya da Ita?

Wata ranar Asabar bayan sallar la'asar, a majalisar da muka saba zama a ƙofar gidan wani abokinmu a Kaduna, gardama ta kaure a kan ƙwallon da marigayi Rashidi Yekini ya zura wa Bulgeriya a 1994. Mu bakwai ne a wurin, ƙaraminmu ya haura shekara arba'in, kuma kowannenmu yana rantsuwa da idonsa ya kalli wasan. Injiniyan cikinmu ya ce daga wajen yadi na sha takwas Yekini ya narko ta. Ma'aikacin banki ya ce sam, da ka ya sa ta. Likitanmu kuwa cewa ya yi shi abin da ba zai manta ba shi ne yadda ragar ta yage saboda ƙarfin bugun. Da musu ya ƙi ƙarewa, sai wani ya ciro wayarsa ya nemo hoton wasan, muka haɗa kai muka kalla. Ashe dukkanmu mun yi kuskure. Finidi George ne ya ratso ta gefen dama ya shimfiɗo ƙwallon a ƙasa, Yekini yana dab da raga, abin da ya yi kawai shi ne ya sa mata ƙafa.

Muna cikin dariyar kanmu sai ɗan maigidan, yaro ɗan shekara goma sha huɗu sanye da jesin wani kulob na Ingila, wanda ya kawo mana shayi ya tsaya yana saurare, ya ce da mahaifinsa: "Baba, to ita rigar da ya sa ran nan tana ina?" Majalisar da ta cika da masu digiri ta yi tsit. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura amsarta ta wuce maganar ƙwallo, ta taɓo yadda muke riƙe da tarihin mutanen da suka faranta mana rai.

Ga matasan da ba su riski zamaninsa ba, ya kamata a fara da faɗin ko wane ne mutumin. An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963, iyayensa kuwa 'yan asalin garin Ira ne da ke Jihar Kwara. Ya fara taka leda a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna, daga nan ya koma Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a 1984, sai Abiola Babes ta Abeokuta, sai Africa Sports ta Abidjan. A 1990 ya tsallaka Fotugal ya shiga Vitória de Setúbal, inda a kakar 1993 zuwa 1994 ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar da ƙwallaye 21. A 1993 ya zama ɗan Nijeriya na farko da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓa gwarzon ɗan wasan nahiyar. Shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a gasar cin kofin Afirka ta 1992 a Senegal, ya kuma maimaita a ta 1994 a Tunisiya, wadda Nijeriya ta lashe bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1. Jimillar ƙwallayen da ya ci wa ƙasarsa 37 ne, adadin da aka yi fiye da shekara ashirin da biyar babu wanda ya kamo shi.

To amma duk waɗannan alƙaluma ba su ne suka zauna a zukatan mutane ba. Abin da ya zauna shi ne daren 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas na Amurka, wasan Nijeriya na farko a tarihin gasar cin kofin duniya. A agogonmu sha biyun dare ta riga ta wuce. Ina da shekara goma sha uku a lokacin, mun cika tsakar gidan wani maƙwabcinmu a Tudun Wada, manya a kan benci, mu yara a kan tabarma, an ɗora akwatin talabijin a kan turmi. Ƙasar tana cikin zaman ɗar-ɗar saboda rikicin zaɓen 12 ga Yuni, hasali ma kwana biyu bayan wasan aka kama Cif Moshood Abiola, mutumin da Yekini ya taɓa buga wa ƙungiyarsa. A minti na 21 ƙwallo ta shiga, shi kuma bai tsaya ba, ya bi ta har cikin raga, ya cusa hannuwansa ta ramukanta ya dunƙule su, yana jijjiga ta yana kururuwa. Daniel Amokachi, shi ma haifaffen Kaduna, da Emmanuel Amuneke suka ƙara biyu, aka tashi 3 da nema. Na tuna wani dattijo da bai taɓa yarda mu buga ƙwallo a ƙofar gidansa ba, a daren nan har hularsa ta faɗi ƙasa bai sani ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi jan hankalina a gardamar majalisarmu shi ne yadda labari yake sauya kama a bakin mai ba da shi. Ba ƙarya abokaina suka yi ba. Sun san Yekini da bugu mai ƙarfi, sun ga ƙwallayensa da yawa irin haka, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauko waccan siffa ta liƙa wa wannan ƙwallo, domin a ganinta babban lamari bai kamata ya zo da sauƙi ba. Haka kuma idan ka tambayi mutum goma abin da Yekini yake faɗa a cikin ragar nan, za ka sami amsa goma: wani ya ce sunansa yake kira, wani ya ce godiya yake wa Allah, wani ya ce iyalinsa yake ambata. Duk wanda ya yi nazarin adabin baka ya san wannan hali. Labarin da ya dogara da baki kaɗai yana ƙara kitse ta wani gefe yana ramewa ta wani, har wata rana a wayi gari an rasa ƙashin bayansa. Shi ya sa kowace al'umma take buƙatar wani abu da ido zai gani, hannu ya taɓa, wanda labari zai riƙa komawa gare shi yana daidaita kansa. Abin sha'awa, sunan mutumin ma daga kalmar Larabci yake, wadda mu muka ara muka ce "yaƙini", Yarabawa kuma suka lanƙwasa ta yadda ta dace da harshensu. Yaƙini kuwa shi ne abin da muka rasa a majalisa ran nan.

A nan ne maganar riga ta shigo. A ƙasashen Turai da Kudancin Amurka an daɗe da al'adar musayar jesi bayan tashi daga wasa. Masana tarihin ƙwallo suna danganta farkonta da 1931, lokacin da Faransa ta doke Ingila da ci 5 da 2, 'yan wasan Faransa suka nemi a bar musu rigunan abokan karawarsu domin tunawa da ranar. Hoton Pele da Bobby Moore suna musayar riga a Meziko a 1970 ya ƙara wa al'adar martaba. Sannu a hankali sai aka sami masu tara irin waɗannan riguna, kuma suka bambanta su da waɗanda ake sayarwa a kanti. A wurinsu, rigar da ɗan wasa ya sa ya shiga fili da ita, ta sha guminsa, ta kwashi ƙasa da koren ciyawa, ita ce abin nema, kuma wanda ya wanke ta ya rage mata daraja.

Yadda wannan harka ta bunƙasa sai mai karatu ya ji kuɗin. A 2002 an sayar da rigar da Pele ya sa a wasan ƙarshe na 1970 a kan fam 157,750. A Disambar 2023 riguna shida da Lionel Messi ya sa a gasar Ƙatar ta 2022 sun tashi a kan dala miliyan 7.8. Amma wadda ta fi dacewa da zancenmu ita ce shuɗiyar rigar da Diego Maradona ya ci Ingila ƙwallo biyu da ita ranar 22 ga Yuni, 1986, ɗaya da hannu, ɗaya kuma bayan ya yanke kusan rabin 'yan wasan Ingila. Ɗan wasan tsakiyar Ingila, Steve Hodge, shi ya karɓe ta bayan wasan, ya ajiye, daga baya ya ba gidan adana kayan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasarsu aronta, ta yi kimanin shekara ashirin jama'a suna zuwa kallo. Kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita a kan fam miliyan 7.1 ranar 4 ga Mayu, 2022. Mai karatu ya riƙe wannan rana: ita ce ranar da Yekini ya cika shekara goma cif da rasuwa. Kada kuma a manta, mutanen nan biyu sun taɓa haɗuwa a fili ɗaya, ranar 25 ga Yuni, 1994, lokacin da Ajantina ta ci Nijeriya 2 da 1, wasan da ya zama na ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsa.

Me aka saya da fam miliyan bakwai? Ba yadi ba ne. Rigar nan a wani kanti na birnin Meziko aka sayo ta da 'yan'uwanta ana gab da wasan, domin kocin Ajantina, Carlos Bilardo, ya ga shuɗayen da suka zo da su sun yi nauyi ga zafin garin, aka ɗinka musu tambari aka manna lamba cikin gaggawa. Abin da aka saya shi ne shaida. Dalili ke nan da ya sa, da 'yar Maradona ta fito ta ce rigar da ke hannun Hodge ta kafin hutun rabin lokaci ce, alhali ƙwallayen biyu bayan hutu aka ci su, sai kamfanin ya kawo ƙwararru suka gwada ɗinki da zare da zaman lambar rigar da hotunan wasan, kafin masu saye su natsu. Wato darajar irin wannan riga tana rataye ne da salsalarta: wa ya sa ta, a wane wasa, wa ya karɓa daga hannunsa, ina ta kwana tun daga ranar. Idan salsala ta yanke, rigar ta koma tsumma. Mutanen da suka gaji ilimin tantance ruwaya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Yanzu bari mu dawo gida mu duba harshenmu, domin harshe ba ya ɓoye halin masu shi. Kalmar da muke fassara aikin Sotheby's da ita, wato "gwanjo", ita ce dai kalmar da muke kiran tufafin da wani ya sa ya yar. A bakin Bahaushe, kayan gwanjo kaya ne masu araha, na wanda bai iya ɗinka sabo ba. Wato a kasuwarmu sawa tana rage kuɗin riga, a kasuwarsu kuwa sawar ce kuɗin. Sai dai kada a yi saurin cewa ba mu san darajar tufar da babban mutum ya sa ba. Muna da kalmar "kwance". Idan sarki ya tuɓe rigarsa ya ba makaɗi ko bafade, wannan kwance ya fi sabuwar riga goma a wurin wanda aka ba, kuma zai yi ta faɗa har jikokinsa su ji. Almajiri ma haka yake ji da kwancen malaminsa. Bambancin shi ne, mu idan an ba mu kwance sawa muke yi har ya mutu a jikinmu. Idan mutum ya rasu, tufafinsa rabawa ake yi tsakanin magada ko a bayar sadaka, domin a tunaninmu tufa ta sutura ce, rufe ta a akwati alhali wani yana tsirara kuwa rowa ce. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce, ba na kuma fatan mu rabu da ita. Amma tana da farashi, kuma tarihi ne yake biya.

Da can muna da abin da yake cike wannan giɓi, wato waƙa da kirari. Shahararren ɗan damben nan Shago, yau ba zaren hannunsa ko layunsa ne suka riƙe sunansa ba, waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ce. Makaɗi shi ne gidan tarihin jarumin Hausa. Ɗan ƙwallo kuwa ya zo a zamanin da wannan hanya ta fara rauni, sabuwar hanyar kuma, ta adana kaya da rubuta bayaninsu, ba mu rungume ta a fagen wasanni ba. Sai ya faɗa tsakiya, babu waƙa babu ma'ajiya. Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe gasar lig ta ƙasa a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta lashe a 1978. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta masu riƙe da kofi a 1988. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992. Uba nawa ne a cikin masu karanta wannan shafi ya taɓa kama hannun ɗansa ya kai shi wani wuri ya nuna masa rigar ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi? Ita kanta masaƙar UNTL da ta raini Yekini an rufe ta a 2007, kuma duk wanda ya san abin da yake faruwa da takardu da hotuna idan ma'aikata ta rufe, ya san abin da nake jin tsoro.

Na san akwai mai cewa: Malam, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, kai kana maganar tsohuwar jesi? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Amsata ita ce, halin da ya sa muka saki rigar shi ne ya sa muka saki mai rigar. Yekini ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, har a 2005, yana da shekara 41, ya sake fitowa a Gateway ta Abeokuta. Bayan nan ya zauna a Ibadan a keɓe, jaridu suna ta kawo rahotannin rashin lafiyarsa, har Allah Ya karɓi abinsa ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka binne shi a Ira. Gidajen da gwamnatin tarayya ta yi wa 'yan wasan da suka ciwo kofin Afirka na 1994 alkawari, sai a 2021 aka amince a ba waɗanda ba su samu ba, bayan shekara 27. Al'ummar da take da wurin da take ajiye rigar gwarzonta, tana kai yara suna gani, da wuya ta manta cewa gwarzon yana nan da rai a wani lungu yana buƙatar a leƙa shi. Abin da ido yake gani kullum, zuciya ba ta saurin mantawa da shi.

Akwai kuma wani haɗari da ke tafe. Rigunan Nijeriya na 1994 suna da farin jini a wajen masu tara jesi a duniya, kuma gasar ta wannan shekara ce ta farko a tarihin kofin duniya da aka rubuta sunayen 'yan wasa a bayan rigunansu, abin da yake sauƙaƙa gane mai riga. Da kamfanin Nike ya fito da jesin Nijeriya na 2018, wanda ya ɗauko salonsa daga na zamanin su Yekini, sai da aka yi dogon layi a kantinsa na Landan. Kasuwa ta riga ta san darajar abin da muke wasa da shi. Tsohon ɗan wasan da ciwo ya kama, ko marayun da ya bari, idan dillali ya zo da dala, babu mai ikon zarginsu idan sun sayar. Ko a Ingila, Nobby Stiles, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci kofin duniya a 1966, sai da ya sayar da lambarsa a 2010 domin iyalinsa. To amma tsohuwar ƙungiyarsa, Manchester United, ita ta saye ta ajiye a gidan tarihinta. Mu idan namu ya fita, wa zai tare shi? Haka muka wayi gari muna bin gidajen tarihin Turai muna roƙon a dawo mana da kayan Benin. Bambancin kawai shi ne, wannan karon ba da bindiga za a kwasa ba, da rasit za a kwasa.

Lokaci kuma ba jiranmu yake ba. Daga cikin 'yan wasa 22 da suka je Amurka a 1994, Uche Okafor ya rasu a 2011, Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, kyaftin Stephen Keshi a 2016, mai tsaron gida Peter Rufai a 2025. Kowane ɗaya da ya tafi, ya tafi da wani yanki na salsalar nan: wa ya yi musaya da wa, wace riga aka ba wane, me aka faɗa a ɗakin sauya kaya. Haka abin yake ga masu kula da kayan ƙungiyoyi, da direbobinsu, da tsofaffin masu ɗaukar hoto na filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna da na Sani Abacha a Kano.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. Na farko, sassan Hausa da na tarihi da na aikin jarida a jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauki muryoyin tsofaffin 'yan wasa da magoya baya, kamar yadda muke tura su ɗaukar tatsuniya da waƙoƙin daka, a rubuta a adana, har da saɓanin ruwayoyin, domin shi ma saɓanin ilimi ne. Na biyu, cibiyoyi irin su Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Makama a Kano su ware ko da kusurwa ɗaya ce domin wasanni, su karɓi kaya a matsayin aro da rubutacciyar yarjejeniya, mallaka tana hannun iyali, kamar yadda Hodge ya yi. Na uku, kowace ƙungiya, tun daga Kano Pillars da ta ɗauki lig a 2008, 2012, 2013 da 2014 har zuwa ƙananan kulob, ta riƙa cire riga ɗaya da aka buga wasa da ita a kowace kaka, a rubuta sunan wanda ya sa da ranar da sakamakon wasan. Na huɗu, attajiranmu masu son ƙwallo su sani cewa sayen irin waɗannan kaya daga hannun iyalan da ke cikin buƙata, a kan farashi na mutunci, a ajiye su inda jama'a za su gani, taimako biyu ne a lokaci ɗaya. Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina biyu a 2014 ya kuma ci Iceland biyu a 2018, yana raye cikinmu. Yau ne ya kamata a yi maganar rigunansa, ba sai bayan shekara talatin ba.

Kafin mu tashi daga majalisa ran nan, likitanmu, wanda ya ce raga ta yage, ya tuna cewa wani kawunsa da ya yi aiki a masaƙa a Kakuri yana da tsohon hoton ƙungiyar ma'aikatarsu a cikin wata jakar takardu, kuma ya sha nuna wani dogon saurayi a layin baya yana cewa ga Rashidi nan. Kawun ya haura shekara tamanin. Mun yi alkawarin zuwa gaishe shi da na'urar ɗaukar magana, kuma yaron da ya yi tambayar ya ce lallai sai an tafi da shi.

Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini, Ya gafarta masa, Ya albarkaci bayansa.